Kafin a Buɗe Kabad ɗin Sabar: Shirin da Ke Gaban Gyara a Kudancin Kaduna

Duk kuɗin da ɗan kasuwa ya tura ta wayarsa daga kasuwar Manchok, da duk sakamakon jarrabawa da ɗalibi ya duba a Kafanchan, sai sun ratsa ta cikin wata kwamfuta wadda ba ta da allo kuma ba a zama a gabanta, wadda aikinta shi ne amsa buƙatun sauran kwamfutoci dare da rana, ita ce kuwa ake kira sabar, wasu marubutan Hausa kuma su ce uwar garke. Ba a ajiye irin waɗannan kwamfutoci kan tebur. Ana jera su ne ɗaya bisa ɗaya cikin dogon kabad na ƙarfe mai ƙofar raga gaba da baya, wanda ma'aikatan fannin suke kira rak, kuma ginin da aka tara irin waɗannan kabad ɗin, tare da wutarsu da sanyinsu da tsaronsu, shi ne cibiyar adana bayanai.

Manyan cibiyoyin Nijeriya sun fi taruwa a Legas, inda Rack Centre yake a Ikeja, MDXi kuma a Lekki, wanda ya koma hannun kamfanin Equinix na Amurka lokacin da ya sayi MainOne a 2022. A arewa, kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja, da wata a Kano da aka buɗe a watan Janairun 2023. Abin da mai gyara zai tarar a kudancin Kaduna kuwa ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da waɗannan: kabad guda a ɗakin bayan reshen banki, ko a makarantar gaba da sakandare, ko a cibiyar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ko kuma akwatin na'urori da batura da ke gindin ƙarfen sabis a garuruwa irin su Manchok, mazaunin masarautar Moro'a a ƙaramar hukumar Kaura, kan hanyar da ta taso daga Kafanchan ta bi ta Kagoro ta hau tudun Jos. Ƙanƙantar wurin ba ta rage haɗarin aikin da komai, hasali ma ƙara shi take yi, domin babbar cibiya an gina ta ne da tunanin cewa wata rana za a yi gyara a cikinta, shi kuwa ƙaramin ɗaki sau da yawa an cusa masa kaya ne sannu a hankali, kowane mai kwangila ya ƙara nasa ya tafi bai bar takarda ba.

Shi kansa kabad ɗin yana da ma'aunin da aka fi amfani da shi a faɗin duniya, wanda ya samo asali daga kayan wayar tarho na kamfanin AT&T a farkon shekarun 1920. Faɗin fuskar kowace na'ura inci 19 ne, tsayinta kuma ana ƙirga shi da wani awo da ake kira U, wanda yake daidai da inci 1.75 ko milimita 44.45, ta yadda siririyar sabar take cin U ɗaya, mai kauri ta ci biyu ko huɗu, cikakken kabad kuma yawanci yana da gurbi 42 da tsawon kusan mita biyu. Amfanin wannan lissafi ga mai gyara shi ne kowace na'ura tana da adireshi, wato lambar kabad da lambar gurbi, kuma da wannan adireshi ake fara shiri. Cibiyar Uptime Institute ta Amurka, wadda take raba cibiyoyin bayanai zuwa matakai huɗu, ta sa sharaɗin mataki na 3 ya zama cewa za a iya kashe kowane sashe na wuta ko na sanyi a gyara shi ba tare da kwamfutoci sun tsaya ba, mataki na 4 kuma ya jure lalacewar bazata. Ɗakin sabar na ƙaramin ofis ba ya kusa da wannan matsayi, saboda haka abin da gini bai tanada ba, dole ne ma'aikaci ya tanade shi da tsari.

Tsarin yana farawa ne kan takarda, tun ba a ɗauki sukundireba ba. Ana rubuta wace na'ura za a taɓa, da abin da za a yi mata, da ayyukan da za su tsaya idan ta mutu, da kuma yadda za a koma baya idan gyaran ya ƙi, sa'an nan a zaɓi lokacin da jama'a ba sa buƙatar ta, wanda ga banki dare ne ko ƙarshen mako, ga cibiyar jarrabawa kuwa makonni kafin zuwan ɗalibai. Ana kwafe bayanan da ke ciki zuwa wani wuri dabam, a kuma gwada buɗe kwafin, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba babu mai iya rantsewa yana aiki. Bayan haka a ɗauki hoton bayan kabad ɗin da waya, a liƙa wa kowace waya alama a bakinta biyu. Wannan na ƙarshe ma'aikata suna raina shi, alhali sabobi goma na kamfani ɗaya ba su da bambanci a ido, musamman daga baya inda babu suna, shi ya sa masu ƙera su suke sa musu wata ƙaramar fitila, yawanci shuɗiya, wadda idan an kunna ta take haskawa gaba da baya don a gane wadda ake nufi. Haɗarin kuskure ya fi tsanani a faifan ajiya, domin a tsarin da ake kira RAID 5 ana rarraba bayanai kan faifai da yawa ta yadda za a jure mutuwar guda ɗaya tak, saboda haka idan ɗaya ya riga ya mutu, mai gyara kuma ya zare lafiyayyen da ke kusa da shi, to rumbun duka ne ya faɗi.

Wuta ita ce babbar magana, kuma nan ne halin da ake ciki a ƙasa yake yaudarar mutum. Wanda ya saba da ɗaukewar wuta yakan ɗauka cewa idan layin Kaduna Electric ya mutu, komai ya mutu, alhali dukan hikimar ɗakin sabar ita ce kada hakan ya faru. Kabad guda yana iya samun wuta daga wuri huɗu: layin kamfani, da janareta, da inbata mai batura ko sola, da kuma na'urar UPS, wadda take riƙe wuta na 'yan mintuna a tsakanin ɗaukewar layi da tashin janareta. Janaretan da aka haɗa da makunnin sauya layi mai sarrafa kansa yana iya tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, farantin sola kuwa yana fitar da wuta muddin akwai hasken rana, ko an kashe inbata ko ba a kashe ba. Ƙari a kan haka, sabar ta kirki tana da akwatin wuta biyu, kowanne da wayarsa da ke tafiya zuwa dogon soket dabam a gefen kabad, domin idan ɓangare ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe, kuma ma'anar haka ita ce zare waya ɗaya bai kashe komai ba. Ko maɓallin gaba da ake dannawa a ce an kashe kwamfuta ba ya raba ta da wuta, domin wani sashe na allonta yana nan a raye yana jiran umarni daga nesa.

Wutar soket a Nijeriya bolt 230 ce, mai layi uku kuma kusan 400, amma abin da yake kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, kuma kaɗan ta isa: daga kimanin miliamfiya 10 tsokar hannu tana iya ƙanƙamewa har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, 'yan gomomi kuma idan suka bi ta ƙirji suna iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake saita makunnin kariya daga jan wuta ya katse a miliamfiya 30. Hanyar kariyar da masana'antu suka amince da ita, wadda hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta mayar da ita doka a 1989, ita ce a gano kowace mashigar wuta, a kashe ta, a sa mata kwaɗo, a rataya takarda mai sunan wanda ya kulle, shi kuma ya jefa makullin a aljihunsa. Dalilin kwaɗon a fili yake ga duk wanda ya san ofisoshin ƙasar nan: mai gadi ko masinja da ya ga duhu zai je ya ɗaga makunni da kyakkyawar niyya, bai san akwai hannun mutum cikin kabad ba. Bayan an kulle sai a gwada, kuma gwajin yana da ƙa'ida, wato a fara ɗora mita kan soket da aka san yana da wuta don a tabbatar mitar tana aiki, a gwada wurin da za a taɓa, sa'an nan a sake komawa soket na farko. Ƙaramar testa mai fitila da ke aljihun kowane mai gyaran wuta ba ta isa shaida a nan ba, domin haskenta yana ɓacewa a rana, kuma ya dogara da yadda mai riƙe da ita ya taka ƙasa. Akwatin wutar sabar kuwa ba a buɗe shi ko kaɗan, domin kafasitocin da ke ciki, wato ƙananan ma'ajiyar caji, suna riƙe wuta bayan an zare waya. Idan ya lalace, zare shi ake yi dungurungum a sa sabo.

Wani lokaci ba za a iya kashe kabad duka ba, sai a yi aiki kan na'ura ɗaya sauran suna gudana. An ƙera faifai da fankoki da akwatunan wuta na sabobin zamani don a iya sauya su a haka, amma akwai lissafin da ake mantawa: idan za a kashe ɓangaren wuta ɗaya, ɗayan ne zai ɗauki nauyin duka, saboda haka idan kowane ɓangare ya riga ya wuce rabin ƙarfinsa, kashe ɗaya zai sa makunnin ɗayan ya faɗi, kabad ya mutu baki ɗaya.

Batura suna da nasu hukunci, domin ba su da makunnin da zai raba su da wutar da ke cikinsu. Kayan ƙarfen sabis suna aiki ne da bolt 48, wanda ba kasafai yake jan mutum ba, amma jerin baturan yana iya zubo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido idan sifana ta haɗa kawunan biyu, abin da ya isa ya narkar da ƙarfe ya ƙone hannu, shi ya sa ake cire zobe da agogo da sarƙa, a yi aiki da kayan da aka lulluɓe mariƙinsu da roba. Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda take kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, batirin litiyam kuma idan ya huje ko ya yi zafi fiye da kima yakan kama da wutar da take ciyar da kanta, mai wuyar kashewa. A ranar 26 ga Satumban 2025, gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon a daidai lokacin da ma'aikata suke aikin sauya wa baturan litiyam wuri, ta tsayar da tsare-tsaren gwamnati fiye da 600, ta kuma cinye wani rumbun takardun ma'aikata da ba shi da kwafi a wani wuri. Aikin da aka shirya don rage haɗari ne ya haifar da ita, a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba.

Nauyi shi ne haɗarin da ba a cika zato ba. Sabar tana zaune ne kan ƙarafa masu zamewa, ana jawo ta gaba kamar aljihun durowa, kuma kamar yadda durowa take kifewa idan an jawo aljihunanta na sama a lokaci guda, haka kabad yake rinjayowa kan wanda ke tsaye gabansa. Ƙa'idar ita ce a jawo na'ura ɗaya kawai a lokaci guda, a ajiye mafi nauyi, musamman UPS da batura, a can ƙasa, a kuma sauke ƙafafun daidaitawa su taka daɓe sosai domin kada kabad ya tsaya kan tayoyinsa, idan kuwa yana da farantin tokare na gaba a ɗaura shi. Jagororin kamfanin IBM suna cewa abin da ya kai kilo 18 mutum biyu ne za su ɗauka, kilo 32 mutum uku, abin da ya wuce kilo 55 kuma sai da na'urar ɗagawa, alhali sabar mai U biyu cike da faifai tana iya kusantar kilo 30, batirin inbata mai amfiya 200 kuma yana kusan kilo 60. A ƙananan ofisoshi, inda aka fi amfani da gajeren kabad da ake kafewa a bango, abin dubawa kafin komai shi ne kusoshin da suka riƙe shi, domin bulo mai rami ba ya riƙe nauyi kamar kankare, kuma sau da yawa an ƙara wa kabad ɗin UPS ne bayan an kafe shi da lissafin kaya marasa nauyi.

Daga nan sai yanayi, wanda a wannan yanki yake kawo matsaloli biyu masu kishiyantar juna. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana bushewa ƙwarai, jikin mutum kuma yana tara lantarkin gogayya, wato cajin da yake samuwa idan tufafi ko takalmi suka goga da wani abu, wanda kowa ya san shi da ɗan tartsatsin da yake ji idan ya taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin wannan tartsatsi sai ya kai kimanin bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 ya isa ya lalata wasu sassan kwamfuta, wato ana iya kashe katin ƙwaƙwalwa ba a ji komai ba, ba a ga komai ba. Alƙaluman da masana fannin suke amfani da su sun nuna cewa tafiya kan kafet a busasshiyar iska tana iya tara bolt 35,000, a iska mai laima kuwa kimanin 1,500. Mafi munin ɓarnar ita ce wadda ba ta bayyana nan take, inda sashen ya raunana ya ci gaba da aiki, sai bayan makonni ya fara gardama, a ɗora laifin kan wanda ya sayar da shi. Maganin ba shi da tsada: madaurin wuyan hannu da ake maƙala wayarsa a ƙarfen kabad inda babu fenti, mai ɗauke da abin rage gudun wuta na megom ɗaya don cajin ya tsiyaye a hankali, da shimfiɗar roba ta musamman, da barin sabon kaya cikin jakarsa mai ƙyalli har lokacin sa shi, da riƙe kati ta gefensa. Rigar auduga ta fi ta leda. Sai dai madaurin na aikin cikin kwamfuta ne, ba a ɗaura shi a je taɓa wayar lantarki mai rai, domin a can haɗa jiki da ƙasa shi ne ainihin abin da ake gudu.

Da damina kuwa, wadda a kewayen duwatsun Kagoro take kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba da ruwa mai yawa, abin tsoro tsawa ce. Ba sai aradu ta faɗa kan gini ba. Ta faɗi kusa ma ya isa ta tura ƙarfin wuta ta cikin layin lantarki ko wayar jan ƙarfe da ta fito daga eriya, saboda haka ba a fara aiki idan hadari ya haɗo, musamman a gindin ƙarfen sabis. Duka matsalolin biyu suna komawa ne ga abu ɗaya, wato wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda take haɗa jikin kabad da sandar jan ƙarfe da aka binne. Idan ta tsinke, ko an sace ta saboda darajar jan ƙarfe, ko busasshiyar ƙasar rani ta rage mata aiki, to madaurin hannu ba shi da cikakkiyar madogara, na'urar kare tsawa ba ta da inda za ta zubar da wuta, kuma jikin kabad ɗin kansa yana iya zama mai jan mutum idan waya ta goge a ciki. Duba ta da mita ya kamata ya zo kafin buɗe ƙofa.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Sabar tana shaƙar iska ta gaba ta fitar da mai zafi ta baya, ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta ASHRAE kuma ta ba da shawarar iskar shiga ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, don haka ba a barin murfi a buɗe tana aiki fiye da 'yan mintuna, gurbin da aka cire na'ura kuma a toshe shi da faranti don kada iska mai zafi ta zagayo gaba. Ƙurar hunturu ana zuƙe ta ne kafin a buɗe na'ura, domin hura ta da bulowa cikin ɗaki yana mayar da ita cikin maƙwabtan sabobi. Ba a leƙa bakin wayar faiba, saboda hasken leza da ke cikinta ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa illa. Tukunyar kashe gobara ta zama mai iskar kabon, ba ta ruwa ba. Akwatin da ke waje kuma a buɗe shi daga gefe, a haska ciki tukuna, domin ɗuminsa yana jawo ɓeraye da ƙadangaru, da abin da yake farautar su.

Mayar da wuta shi ne sashen shirin da gajiya take cinyewa, domin a lokacin kowa ya ƙosa ya tafi gida. Na'urori suna zuƙar wuta mai yawa a daƙiƙar farko ta tashi, saboda haka ba a kunna su gaba ɗaya, ana bin tsari ne: kayan sadarwa da farko, sai rumbunan ajiya, sai sabobi, sa'an nan manhajojin da ke kansu, wato akasin yadda aka kashe su. A ƙarshen watan Mayun 2017, kamfanin jiragen British Airways ya soke tashin jiragensa daga filayen Heathrow da Gatwick, abin ya shafi fasinjoji kimanin 75,000, kuma bayanin shugabanninsa shi ne an katse wuta a cibiyar bayanansa, aka kuma mayar da ita ba bisa tsari ba, har ta lalata na'urori. Asarar da suka ƙiyasta ta kai kusan fam miliyan 80. Kafin a cire kwaɗo ana ƙirga kayan aiki da sukurori, a gwada wayoyi da hoton da aka ɗauka da farko, kuma wanda ya kulle shi ne yake buɗewa.

Faifan da aka cire ba shara ba ne, ko da sabar ta ƙi karanta shi, domin sunayen masu ajiya a banki ko na marasa lafiya ko na ɗalibai suna nan a kansa, mai kayan aiki kuma yana iya tono su. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai kan ma'aikatar da ta tattara su, saboda haka ana rubuta lambar faifan a littafin ɗakin tare da kwanan wata da sunan wanda ya cire shi, a kulle shi, har sai an goge shi ta hanyar da ba ya dawowa ko an farfasa shi a gaban shaida, maimakon a bar shi ya bi mai gyara zuwa shago ko ya faɗa buhun 'yan gwangwan.